Masarar 'Ya'yan Barakatu

Wata biyar ke nan da Barakatu ta dawo Pauwa da 'ya'yanta uku, tana zaune a gidan yayanta Gide, ɗaki ɗaya da mahaifiyarsu. A cikin watannin nan abin da ya fito daga hannun tsohon mijinta, Sanusi mai hatsi na Mairuwa, naira dubu biyar ne da ƙullin sukari, su ma sai da azumi ya kama aka aiko.

Shekara goma sha uku suka yi tare. Lokacin da ta shiga gidansa, awo yake yi a bakin kasuwa da buhu ɗaya na aro. Saniyar da ta gada wurin mahaifinta ta sayar ta ba shi ya ja jari. Allah kuma ya sa wa abin albarka, har ya zama idan kaka ta yi, motoci ke sauke masa masara da dawa. Ita ke dafa wa 'yan dako abinci, ita ke riƙe makullin sito idan ya tafi cin kasuwa.

Ranar da buhu huɗu suka yi ɓatan dabo, bai tambayi kowa ba. A ƙofar gida ya tsaya, 'yan dako na zaune suna cin tuwon da ta tuƙa, ya ɗaga murya ya ce ya daɗe da sanin ɓarauniya yake aure, tana kwasar masa hatsi tana aika wa danginta matsiyata. Kafin la'asar takardar saki na hannunta. Bayan sati uku aka gano direban motar ne ya karkatar da buhunan, aka kama shi da biyu a gidansa. Sanusi bai aiko ba, bai ce a yi haƙuri ba. Idda ta cika, ya yi shiru abinsa.

Ita kuwa kalmar ɓarauniyar ta riga ta zuwa Pauwa. Wata rana a gidan suna, tana zama a kan tabarma, matar da ke kusa da ita ta miƙa hannu a hankali ta ɗauke wayarta ta cusa a haɓar zane. Barakatu ta gani. Ta ci ɗan abin da za ta ci, ta yi wa mai jego barka. Amma tun daga ranar wani abu ya tsaya mata a ƙahon zuciya, ko ruwa ta sha sai ta ji shi.

Da ta dawo gida ta tarar da Gide yana gyara galma a tsakar gida.

"Yaya, ƙarar uban yaran nan zan kai."

Gide ya ajiye galmar. "Kotu kuma? Mi kika rasa a gidan nan? Ko na taɓa barin su da yunwa?"

"Ba ka taɓa ba, Allah ya saka. Amma rumbunka nawa? Naka 'ya'yan shida ne. Shi yana can yana tara hatsi yana jiran tsada, kai kana nan kana ciyar masa da 'ya'ya."

"Barakatu, kotu ba ta haɗa zumunci. In an shiga, an shiga ke nan."

"Wane zumunci ya rage?" ta ce. "Wallahi sai ya ji a jikinsa. Ni na san inda ke yi masa ciwo. Ba zagi ba ne, ba duka ba. Aljihu ne."

Gide ya san ƙanwarsa, tun tana yarinya idan ta kafe, ko jaki ya san da zamanta. Ranar Litinin ya goya ta a babur, suka kama hanya da hantsi lokacin da motoci ke yawa, don hanyar ba ta son mutum shi kaɗai saboda 'yan bindiga. A kotun shari'a ta Faskari suka shigar da ƙara, tunda a ƙasar Faskari wanda ake ƙara yake zaune. Rajistara ya rubuta sunayen yaran da shekarunsu: Ikhlas sha ɗaya, Hafiza takwas, Muhammad Auwal huɗu. Aka aika wa Sanusi sammaci.

Ranar zama na farko da ƙyar Barakatu ta gane shi. Mutumin da ba ya fita sai da shadda mai maiƙo da hula zanna, sai ga shi cikin wata koɗaɗɗiyar riga mai yagaggen aljihu, da silifas ɗan madina da ya sha ɗinki. Har wani tari yake ƙaƙalowa.

Alƙalin dattijo ne mai farin gemu, ba ya ɗaga murya. Ya saurari Barakatu har ta dire, sannan ya juya ga Sanusi.

"Yaran nan naka ne?"

"Nawa ne, Allah gafarta Malam."

"To me ya hana ka ciyar da su?"

Sanusi ya sunkuyar da kai. Ya ce kowa ya san halin da ake ciki. Gonakinsa na bakin daji sun gagari noma, jarinsa ya karye, sitonsa na Mairuwa a je a duba, ko ɓera ba zai kwana a ciki ba. Ya ce yanzu dillanci yake ɗan taɓawa. Idan ya matse, zai iya dubu goma a wata.

"Dubu goma!" Barakatu ba ta san lokacin da maganar ta kuɓuce mata ba. "Tiya huɗu ta masara ke nan da 'yan canji, Allah gafarta Malam. 'Ya'ya uku!"

Alƙali ya ɗaga mata hannu. Ya ce ciyar da yara wajibi ne a kan uba, babu ja a nan. Amma ana auna abin da ma'auni biyu ne: buƙatar yaran, da kuma ƙarfin uban. Ba a ɗora wa mai jaki kayan raƙumi, ba a kuma bar mai raƙumi ya ɗauki kayan jaki. "Shi ya ce ba shi da shi. Ke kin ce yana da shi. To ke za ki kawo shaida. Na ba ki sati biyu."

A waje, Sanusi ya biyo ta gefen inda take jiran Gide ya tayar da babur. Tarin ya ɗauke. Ya yi murmushi ya ce ƙasa-ƙasa, "Ki je ki nemo shaidar. Dubu goman ma sai na ga dama."

Abin da Sanusi ya manta shi ne, shekara sha uku ba kwana sha uku ba ce. Ta san duk shekarar da yake tsoron a fasa masa sito, Sabuwa yake kai kaya, ya ajiye a ɗakunan wani dattijo Malam Yahya, da sunan ƙanensa Salahuddeen. Ta kuma san wanda ke lodin: Baba Ɗanliti, shugaban 'yan dakonsa, mutumin Sabuwa ne.

Ta sayar da akuyarta ɗaya ta yi kuɗin mota. Tafiyar ta ci mata wuni guda, mota uku ta canza. A gidan wata ƙawar mahaifiyarta ta sauka, washegari da safe ta nemi Baba Ɗanliti a tasha, ta same shi a gindin bishiyar bedi yana ɗinke bakin buhu.

Da ya gan ta sai ya rasa inda zai sa idonsa. Suka gaisa, ya tambayi yara.

"Yara suna nan, Baba, suna cin arzikin kawunsu. Buhu nawa kuka sauke masa a gidan Malam Yahya bana?"

"Haba 'yata. Kin san a nan nike ci. In na buɗe baki, wa zai sake ba ni lodi?"

"Ban ce ka yi masa ƙarya ba. Alƙali zai kira ka, ya tambaye ka. Abin da idonka ya gani za ka faɗa." Ta gyara mayafinta. "Baba, ranar nan kana zaune a ƙofar gida, tuwona na hannunka, aka kira ni ɓarauniya. Ka san ban ɗauka ba. Ba ka ce uffan ba. Ban riƙe ka ba, na ce mai neman abinci ne. To yau ma abincin ne, na yara uku."

Tsohon ya soke basilla a jikin buhu.

"Ɗari uku da goma," ya ce. "Masara ɗari biyu da arba'in, sauran kuma waken suya ne. Ni na jera su da hannuna."

Malam Yahya bai wahalar da ita ba. Ya ce shi ba zai kai kansa kotu ba, amma idan sammaci ya zo, ya tsufa da yin ƙarya saboda kuɗin haya.

Ranar zama na biyu kotun ta cika, don labari ya zaga. Sanusi ya dawo da rigarsa ta ranar nan. Yana ganin Baba Ɗanliti da Malam Yahya a kan benci, sai ya tsaya cak a bakin ƙofa kamar wanda ya taka ƙaya.

Baba Ɗanliti ya faɗi adadin buhuna da ranar da aka sauke. Malam Yahya ya ce sunan Salahuddeen ne a takarda, amma Sanusi ke biyan haya, shi ke riƙe da makulli, ko makon jiya ya zo ya zuba maganin ƙwari. Sanusi ya ce kayan ƙanensa ne, shi taimaka masa kawai yake yi.

"To madalla," in ji alƙali. "Ga Alƙur'ani nan. Ka yi alwala ka rantse ba ka da ko buhu ɗaya a ciki."

Sanusi ya dubi Alƙur'anin, ya dubi ƙasa. Gumi ya keto masa ta ƙarƙashin hula.

"Allah gafarta Malam... akwai nawa a ciki."

"Nawa ne naka?"

"Duka."

Kotu ta ɗauki guna-guni har sai da ɗan sandan kotu ya tsawatar. Barakatu ta ji wani sanyi ya ratsa ta tun daga ƙeya har tafin ƙafa. Ba ta ɗauke ido daga kansa ba, so take ya ɗago su haɗa ido. Bai ɗago ba.

Alƙali ya jawo takarda, ya ce ta faɗi abin da take nema.

"Dubu ɗari biyu duk wata," ta ce. "Da na wata biyar ɗin da ya wuce."

Dattijon ya dube ta ta saman tabarau. "Malama, abin da yara za su ci muke yankewa, ba tara muke cin sa ba. Na san an ɓata miki suna, amma wannan wata ƙara ce daban, in kina so ki shigar. Yanzu gaya mini, tiya ɗaya ta masara kwana nawa take yi wa yaran nan?"

Ta yi lissafi da yatsu. "Kwana ɗaya da rabi, in an haɗa da koko."

"Tiya ashirin ke nan a wata."

Haka suka bi abin ɗaya bayan ɗaya, yana tambaya tana amsawa, yana juyawa ga Sanusi ya ji ko yana da ja. Shinkafa tiya shida, wake tiya huɗu. Da aka zo kan mai da kayan miya da niƙa da itace, Sanusi ya ce ai a ƙauye itace kyauta ne. Gide daga bencin baya ya ce wa ya isa ya shiga daji yanzu neman itace? Alƙali ya ce a yi shiru, amma ya rubuta itacen. Ya haɗa da sabulu da omo da man shafawa, ya yanke dubu talatin da biyar. Kuɗin makarantar boko da na Islamiyya, uba zai biya kai tsaye duk zango. Magani, a kawo takardar asibiti ya biya. Ɗinki sau biyu a shekara, ƙaramar salla da babba.

Game da watannin baya, alƙali ya tambayi Gide ko da ya ciyar da yaran ya yi ne da niyyar a biya shi. Barakatu ta juya tana yi masa ido. Gide ya ce shi dai tsakani da Allah, don zumunci ya yi. Alƙali ya ce to wannan ya zama kyauta, lissafi zai fara ne daga ranar da aka shigar da ƙara. Ta ji kamar ta kurma ihu.

Da aka zo mayar da hatsin kuɗi, ta ɗaga hannu.

"Allah gafarta Malam, ina roƙon kada a mayar da shi kuɗi. A bar shi hatsi. Yau tiya dubu biyu da ɗari biyu ce, kafin damina ta yi nisa sai ta kai uku. Su ne masu ɓoyewa su jira ta hau. In kuɗi aka yanke, shi zai ci riba, yaran su ci rabi."

Alƙali ya ɗan yi murmushi, karo na farko. Ya ce magana ce mai ma'ana. Ya rubuta: hatsi a matsayin hatsi, kuɗi a matsayin kuɗi, a kawo gaban rajistara kafin biyar ga kowane wata.

Watan farko Sanusi bai zo da kansa ba, ɗan acaɓa ya aiko da kayan. Rajistara ya ƙirga kuɗi, ya ga buhu a ɗinke, ya sa Gide ya sa hannu. Sai da aka kai Pauwa Barakatu ta farke bakin buhun. Wani wari ya bugi hancinta. Masarar bara waccan ce, ƙwari sun huda ta sun mai da rabinta gari, suna ta yawo a ciki baƙi ƙirin. Irin wadda ake sharowa a ƙasan sito a zuba wa kaji.

Hafiza ta leƙa ta ce, "Umma, wannan Baba ya aiko mana?"

Barakatu ta ɗaure bakin buhun da igiya. A ranta har wani daɗi ta ji, don ya ba ta sanda da hannunsa.

Ta mayar da koke kotu. Ranar da aka sake kiransu, ta roƙi izini, ta kwance buhun a gaban alƙali, ta cika tiya ta juye a kan farantin da ta zo da shi. Ƙwari suka watsu a kan teburin rajistara, har ya ja kujerarsa baya.

"Ga abin da mai buhu ɗari uku ya auna wa 'ya'yansa," ta ce.

Alƙali ya dubi farantin. Da ya yi magana, muryarsa ta canza.

"Sanusi, kai za ka ci wannan?"

"Kuskure aka yi wurin ɗauka..."

"Na ce za ka ci?"

"A'a."

"To ba za ka bar harabar kotun nan ba sai an kawo masarar bana, tiya ashirin, an auna a gabana. Daga yau kuma kai da kanka za ka riƙa kawowa, a buɗe a duba kana tsaye. Ka sake yi mini irin wannan, raina kotu ne, ka san inda ake kwana."

Aka zaunar da shi a benci a baranda, ɗan sanda na gefensa. Ranar kuwa mutanen Mairuwa da yawa sun shigo gari, duk wanda ya gifta sai ya rage tafiya ya kalla. Tun hantsi yake buga waya, sai bayan la'asar Salahuddeen ya iso da buhu a bayan babur. Barakatu tana iya tafiya tun azahar ta bar Gide ya karɓa, amma ta ƙi. Ta sami inuwa daidai inda zai riƙa ganinta, ta sayi gyaɗa dafaffiya, ta zauna tana ɓarewa ɗaya-ɗaya har aka gama awo.

A hanya Gide ya ce, "To, hankalinki ya kwanta?"

"Da saura," ta ce.

Wata uku ana haka. Ranar biyar ga wata Sanusi zai zo da buhu, a kwance, rajistara ya cusa hannu har gwiwar hannu ya damƙo ta ƙasa ya duba. Farashin masara ya tashi kamar yadda Barakatu ta faɗa. A kasuwa kuma aka sa masa suna Mai Ƙwari, har masu saye suka fara cewa a zazzage musu buhu su gani kafin su biya.

Ana cikin haka, wata Asabar da hantsi, sai ga baffan Sanusi, Alhaji Abdulgafar, ya yi sallama a zauren Gide. Bayan an gaisa an sha ruwa, ya ce a kira Barakatu. Ta zo ta durƙusa daga bakin ƙofa ta gaishe shi.

Alhaji ya yi doguwar shimfiɗa a kan haƙuri da darajar 'ya'ya, sannan ya sauka kan abin da ya kawo shi. Saki ɗaya ne. Sanusi ya yi nadama. A ɗaura sabon aure ta koma ɗakinta, a kashe maganar kotu, yara su tashi a gaban ubansu.

"Alhaji, nadamar ta yaushe ce?" ta tambaya a ladabce. "Ta kafin a zaunar da shi a baranda, ko ta bayan nan?"

Gide ya yi gyaran murya. Alhaji ya gyara zama.

"Yarinya, ki bi a hankali. Ke mace ce, da sauran ƙuruciyarki, gobe wani zai fito ki yi aure. Ranar da kika yi, riƙon yara ya fita hannunki. Ya kwashe abinsa, ba tiya ba mudu. Gara ki koma da mutuncinki."

Kafin Barakatu ta buɗe baki, sai aka ji murya daga bayan zana. Inna ce, mahaifiyarsu, ashe tana zaune a nan tana tsinke zogale.

"Alhaji, ina kwana. In ta yi aure, riƙo wurin uwar uwa yake komawa, ko an canza? To ga ni nan da raina, haƙorana ma ba su gama zubewa ba. Ka gaya masa ya ci gaba da awo."

Alhaji Abdulgafar bai ƙara minti biyar ba ya nemi takalmansa. Gide ya raka shi bakin hanya, ya dawo yana girgiza kai, ya ce su biyun nan sai Allah.

Barakatu ba ta yi dariya ba. Ta koma ciki ta ɗora tukunya, ta tankaɗe gari. Tana cikin talge ta ɗago ta ce wa Gide ranar Litinin ya shirya babur, akwai ƙara ta biyu da alƙali ya ce tana iya shigarwa, ta ƙazafin sata da Sanusi ya yi mata.